Ku Tambaya, Mu Amsa: Maɓallin Comp a Jikin Amfilifayar Bes

Wasiƙun da suka shigo wannan karon yawancinsu daga masu kaɗa jitar bes ne da masu kula da kayan sauti, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: ɗan maɓallin nan na murɗawa da ake rubuta wa Comp ko Compression a fuskar wasu amfilifayoyi. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. Ni ke kaɗa bes a majami'armu, kuma an haɗa kuɗi an ce in nemo amfilifaya. Na ga guda biyu na hannu, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya mai wat 200 ce, tana da maɓallin Comp. Ɗayar mai wat 350 ce, ba ta da shi. Mai shagon ya ce mai Comp ɗin ita ce ta ƙwararru. Mene ne aikin abin nan, kuma wacce zan ɗauka?
Mai karatu daga Jos

Amsa: Ɗan'uwa, mai shago kasuwarsa yake ci. In lasifikun biyun lafiyarsu ɗaya, ɗauki mai wat 350, domin kwamfiresa, wato na'urar da maɓallin Comp ke sarrafawa, kana iya sayenta daga baya a matsayin feda, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, ka ajiye a ƙasa, amma wat ba a ƙara wa amfilifaya shi bayan an saya. Sai dai kada ka ɗauka tazarar tana da yawa. Ninka wat sau biyu desibal 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, tsakanin 200 da 350 kuwa bai kai haka ba ma. Abin da zai fi yanke hukunci shi ne akwatin lasifikar: girmansa, yawan lasifikun da ke ciki, da ko takardarsu ta yage ko tana gogar wani abu. Ka kuma duba bayan amfilifayar ka ga a om nawa, wato ma'aunin turjiyar akwatin lasifika ga wuta, aka auna wat ɗin. Hartke HA3500, misali, wat 350 take bayarwa a om 4, amma in ka haɗa ta da akwati ɗaya mai om 8 sai ta sauka zuwa wajen 240.

Aikin kwamfiresa kuwa, ka ɗauka akwai wani yaro zaune a gefen amfilifayar, hannunsa a kan maɓallin ƙara. Duk lokacin da ka buga tsirkiya da ƙarfi sai ya rage, da zarar sautin ya fara sanyi sai ya mayar. Kwamfiresa ita ce wannan yaron, sai dai tana yin aikin cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ba ta gajiya. Abubuwa biyar ke tafiyar da ita. Akwai iyaka, wato ƙarfin da sauti zai kai kafin ta sa hannu. Akwai kason matsewa, wanda ake rubutawa kamar 4:1, ma'ana in sauti ya haura iyakar da desibal 8, desibal 2 kawai za ta bari ya fito, ta danne 6. Akwai saurin kamu, akwai saurin saki, sannan akwai ciko, wato ƙarar da ake mayarwa bayan an danne don kada kiɗan ya koma ƙasa gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa bes ta fi jita ƙarama buƙatar wannan shi ne tazarar da ke tsakanin bugunta mai laushi da mai ƙarfi tana da faɗi ƙwarai. Mai kaɗawa da yatsu biyu a hankali, in ya juya ya mari tsirkiya da babban yatsa ko ya fizgo ta ƙasa ta daki ƙarfen wuyan jita, sautin na iya tsalle da desibal 10 ko fiye. Desibal 10 kuma ninki goma ne na wat. A majami'a, inda ake tashi daga waƙa mai sanyi a shiga ta rawa da tafi cikin minti ɗaya, wannan tsallen shi ke sa ko dai a daina jin bes a waƙa mai sanyi, ko ta danne mawaƙa in kiɗa ya yi zafi. Kwamfiresa kan matso da ƙarshen biyu kusa da juna, ta kuma ja wutsiyar sauti ya ɗan daɗe kafin ya mutu.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wadda aka gina a cikin amfilifaya maɓalli ɗaya gare ta, alhali abubuwan biyar ne. Kamfani ya riga ya zaɓa maka saurin kamu da na saki, wani lokaci har da kason matsewa, ya bar maka iyakar kawai ka murɗa. In zaɓinsu ya dace da hannunka, ka huta, ba sai ka ɗauki feda da batirinta da ƙarin waya ba. In bai dace ba, babu abin da za ka iya gyarawa. Kuma ba duka suke ɗaya ba. Ta cikin Ampeg PF-500 da SVT-7 Pro da ta Ashdown ABM duk masu maɓalli ɗaya ne da ke kama sautin dunƙule guda. Ta TC Electronic ta ƙasar Denmak, wadda suke kira SpectraComp a cikin RH450, tana raba sautin kashi uku, ƙasa da tsakiya da sama, ta matse kowanne daban, shi ya sa bugun tsirkiya mai kauri ba ya janyo sautin sama ya dusashe. Tsofaffin Trace Elliot SMX na Ingila kuwa kashi biyu suke rabawa. In za ka gwada a shago, tafi da jitarka, ka kaɗa layi ɗaya Comp na kashe, ka sake kaɗa shi yana kwata, sannan yana rabi. In a kwata sautin ya cika ya zauna ba tare da ka ji an shaƙe shi ba, mai kyau ce. Ko da hakan, gishiri ce a miya, ba don ita ake sayen tukunya ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. A situdiyonmu akwai amfilifaya mai Comp. In na sa jitata, ko na murɗa shi har ƙarshe ba na jin wani bambanci. Amma in abokin aikina ya sa tasa, tun yana kaɗan sai sautin ya lotse kamar an danne shi da matashi. Maɓallin ne ya lalace?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lafiyarsa lau. Da alama jitarka marar batir ce, ta abokinka kuma mai batir ce, irin wadda ake sa wa batir mai bolt 9 a bayanta. Masu batir da yawa sun fi fitar da sigina mai ƙarfi, musamman in an ƙara musu Bass a jikin jitar. Kwamfiresa ba ta san ƙarar da ke fita daga lasifika ba, abin da ya shigo mata kawai ta sani, kuma a galibin amfilifayoyi tana zaune ne bayan maɓallin Gain mai sarrafa ƙarfin shigar sauti, kafin Master mai sarrafa ƙarar fita. Saboda haka Gain shi ne ainihin mai tura sauti zuwa iyakarta. Naka ba ya kaiwa, nasa yana wucewa da nisa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar Gain a ƙasa a buɗe Master sosai, ana ganin hakan ya fi tsabta. Ga yadda za ka jera abin. Kashe Comp, mayar da Master ƙasa, ka daidaita maɓallan Bass da Mid da Treble a tsakiya. Buɗe maɓallin ƙara na jikin jitarka gaba ɗaya. Yanzu kaɗa tsirkiya mafi kauri da iyakar ƙarfin da za ka yi a gaban jama'a, ba irin kiɗan gwaji na ɗaki ba, kana ɗaga Gain a hankali har jar fitilar nan ta Clip ko Peak ta fara ƙyaftawa a bugu mafi ƙarfi kawai. Sai ka ɗan koma baya kaɗan. A Ashdown allura ce a madadin fitila, kada ta riƙa kwana a cikin ja. Daga nan ka ɗaga Master zuwa ƙarar da kake so, sannan a ƙarshe ka fara murɗa Comp. In akwai fitilar da ke nuna tana aiki, so ake ta kama a bugu mai ƙarfi ta saki a mai laushi. In ta kama ba ta saki ba, ka wuce gona da iri.

Shi kuma abokinka ya nemi ramin da aka rubuta wa Active, ko maɓallin da ke ɗauke da -10 dB ko -15 dB, ya danna, sannan ya bi matakan nan daga farko. Duk wanda ya karɓi amfilifayar daga hannun wani sai ya sake daidaita Gain, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Wani abu kuma: in jitarsa ta fara ɓarɓarar sauti a bugu mai ƙarfi ko da Gain na ƙasa, ya canja batir kafin ya zargi kowa, kuma ya riƙa zare wayar daga jikin jitar in an tashi, don muddin tana ciki batirin na ci.

Akwai kuma yaudarar kunne. Wasu amfilifayoyin suna ƙara ciko da kansu yayin da kake murɗa Comp, wasu ba sa yi. Kunne kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. In za ka kwatanta, daidaita Master yadda ƙarar za ta zo ɗaya a kunne da a kashe, sannan ka yanke hukunci.

Tambaya: Ina ba da hayar kayan sauti a bukukuwa. An gaya mini in na bar Comp a buɗe lasifika ba za ta ƙone ba, don haka kullum a ƙarshe nake barin sa. Duk da haka cikin wata uku an naɗa mini kwayil ɗin lasifika sau biyu. Ina matsalar take? Kuma akwai wata tsohuwar Peavey da nake da ita mai fitilar DDT, ita ma kwamfiresa ce?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Alhaji, wanda ya ba ka wannan shawarar ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, kuma shawarar tasa tana cikin abin da ke cinye maka kwayil.

Bari mu yi lissafi da amfilifaya mai wat 300. A ce kiɗan yau da kullum yana cin wat 30, bugu mafi ƙarfi kuma, wanda ya ɗara shi da desibal 10, yana taɓa 300 na ɗan lokaci ƙanƙani. Kwayil ɗin lasifika yana samun hutu tsakanin bugu da bugu, yana hucewa. Yanzu an kunna kwamfiresa ta danne manyan bugun da desibal 6, sun dawo wat 75. Mai kiɗa ya ga fili ya samu, ya ɗaga Master da desibal 6 har manyan bugun suka koma 300. To kiɗan yau da kullum fa? Ya tashi daga 30 zuwa 120, ninki huɗu, kuma haka zai zauna daga bayan isha'i har a tashi. Lasifika ɗan kaɗan ne cikin ɗari na wutar da ke shiga cikinta take mayarwa sauti, ragowar duk zafi ne a jikin siririyar wayar kwayil. Gam ɗin da ke riƙe da wayar ya narke, ta kumbura, ta fara gogar maganaɗisu, sai ka ji ƙauri. Jar fitila kuma ba ta kama ko sau ɗaya ba, shi ya sa kowa ya ɗauka lafiya ake.

DDT na Peavey limita ce, haka ma Delta-Comp da ke cikin Fender Rumble. Limita 'yar'uwar kwamfiresa ce mai kason matsewa mai tsanani, 10:1 ko sama, amma tana zaune ne a ƙarshe, a bakin sashen wuta, kuma ba ta motsi sai amfilifaya ta kusa ƙure ƙarfinta. Aikinta ta hana sauti tsagewa. Wannan kam a bar ta a kunne kullum. Fitilarta in tana ƙyaftawa jefi-jefi ba komai, in ta zauna a kunne to ana neman abin da amfilifayar ba ta da shi, kuma zafin nan da muka lissafa yana taruwa. Limita amfilifaya ta sani, ba ta san wace lasifika ka haɗa mata ba. In ka sa akwati mai ɗaukar wat 200 a bayan amfilifaya mai 500, limita na kallo zai ƙone.

Akwai mutuwa ta biyu da ba ta zafi ba ce, ta tsalle ce. Tsirkiyar E a sake tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta B a jita mai tsirkiya biyar kuma wajen sau 31. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi a wannan ma'auni, sai takardar lasifika ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Yaran biki kuma maɓallin Bass suke fara kai wa ƙarshe, suna son ƙasa ta girgiza. Ƙarin desibal 6 a wurin ninki huɗu ne na wat a daidai inda lasifika ta fi wahala. In ka ji tana "fat-fat" kamar ana kaɗa buhu, takardar ta kai ƙarshen tafiyarta ke nan. Maganin shi ne a mayar da Bass tsakiya, a ƙara ƙasan Mid, wajen 200 zuwa 400 a ma'aunin hatz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa, domin nan ne kunne ya fi kama bes a fili. In amfilifayar ko miksarka tana da matatar da ke yanke sauti na can ƙasa, HPF ake rubuta mata, sa ta tsakanin 35 da 45.

Ka lura da janareta ma. Tsofaffin amfilifayoyi masu nauyin taransifoma ƙarfinsu na bin wutar da aka ba su. In wuta ta faɗi daga bolt 230 zuwa 190 saboda an ɗora wa janareta fitilu da fankoki da firji, mai wat 300 ta koma wajen 200. Mai kiɗa ya ji ƙara ta ragu, ya ƙara murɗawa, limita ta kwana a kunne. Sitabilaiza mai isasshen ƙarfi da ware wa kayan sauti layinsu sun fi naɗin kwayil araha. Comp ɗin kuma mayar da shi kwata, ka manna masa salatif.

Tambaya: Da na kunna Comp sai wani ƙugi da huci su taso daga lasifika duk lokacin da na daina kaɗawa, musamman in muna kan janareta. In na kashe sai su ragu. Kwamfiresar ce ke kawo su?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Ba ita ta haife su ba, Malam, ɗaga su kawai ta yi. In ta danne desibal 8 aka mayar da ciko 8, duk dattin da ke kwance a ƙasan siginar ya tashi da 8 shi ma, kuma lokacin shiru, da ta saki, shi kaɗai ya rage a fili.

Sai a nemo tushen. Zare wayar daga amfilifaya gaba ɗaya. In ƙugin ya tafi, daga jita ko wayarta yake. Canja waya tukuna, domin waya mai arha marar isasshen rufi ita ce ta fi yawan laifi, kuma kada a yi amfani da wayar lasifika a madadin ta jita ko da kawunansu iri ɗaya ne. In jitarka irin Jazz Bass ce mai fikof biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, buɗe maɓallan ƙararsu biyun daidai da juna, a haka suke kashe wa juna ƙugi. In ka rage ɗaya sai ya dawo. Irin Precision ba ta cika wannan ba, don fikof ɗinta an raba shi biyu ne saboda haka. In ƙugin na raguwa da ka taɓa tsirkiya ya dawo da ka ɗage hannu, ramin kayan wutar jitar na son a lulluɓe shi da takardar tagulla a haɗa ta da wayar ƙasa. In kuwa da an zare jita ma ƙugin na nan, daga wuta yake. Wutar Nijar da Najeriya mai hatz 50 ce, tsakanin sautin G da A na ƙasan bes, wato daidai inda akwatinka ya fi iya fitarwa. Cire cajar waya da fitilun ado masu walƙiya daga soket ɗin da amfilifaya take, ka tabbata janaretan yana da wayar ƙasa da aka kafa da ƙarfe.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: karya ƙafa ta uku ta fulogi don a kashe ƙugi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya. In wuta ta zube a ciki babu hanyar ƙasa, mai riƙe da jita shi ne hanyar, balle in leɓensa ya taɓa makirufo. Maɓallin Ground Lift da ke kusa da ramin DI, inda ake ɗaukar sauti zuwa miksa, daban ne, haɗin ƙasa na wayar da ke zuwa miksa kawai yake rabawa, wannan ba laifi a danna shi.

In kuma ƙarar "ƙarr-ƙarr" kake ji lokacin da kake murɗa maɓallin, ƙurar hunturu ce ta shiga. A fesa masa ruwan wanke maɓallan lantarki, a murɗa shi sau ashirin, wuta na kashe.

Tambaya: Ni ce shugabar mawaƙa a cocinmu. Yaron da ke mana bes, wasu sautukan nasa suna fita da ƙarfi, wasu kamar bai taɓa ba. Na ce a saya masa amfilifaya mai Comp. Zai gyaru?
Mai karatu daga Kafanchan

Amsa: Mama, zai rufe kaɗan, ba zai gyara ba, kuma kafin a kashe kuɗi akwai abin dubawa na kyauta.

A danne kowace tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jita, a auna tazarar da ke tsakaninta da fikof. Ma'aunin da aka saba farawa da shi a jitocin Fender da masu kama da su shi ne kusan milimita 3 a ɓangaren tsirkiya mai kauri, milimita 2 a ɓangaren siririya. In tsirkiya ɗaya ce gaba ɗayanta ta fi sauran ƙara, a sauke fikof ta gefenta da sukudireba, rabin juyi rabin juyi, ana saurare. In tsirkiyoyin sun shekara biyu ba a canja ba, ko an haɗa sabuwa ɗaya da tsofaffi uku, nan ma bambanci zai fito. Akwai kuma wani mataccen wuri da yawancin jitocin bes masu wuyan katako suke da shi, a tsirkiyar G tsakanin gaɓa ta 5 da ta 7, inda sauti ke mutuwa da wuri saboda katakon wuyan na shanye shi. A nan kam kwamfiresa na ɗan taimakawa, don tana jan wutsiyar sautin, ko kuma ya kaɗa sautin a tsirkiyar D, gaɓa biyar a gaba. In kuma sauti ɗaya ne tak ke cika ɗaki duk inda ya kaɗa shi, ginin ne ke amsawa. A janye akwatin daga lungu, a matsar da shi kamar taku biyu daga bango.

In an duba duk wannan bambancin na nan, to hannu ne. Yawanci yatsa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ya riƙa yin atisaye Comp na kashe, sauti ɗaya, yatsa na nuni da na tsakiya bi da bi, a hankali, minti goma kullum, yana ɗaukar kansa a waya yana saurare. Wanda ya koyi kiɗa kwamfiresa na rufa masa asiri ba zai taɓa jin kuskurensa ba, ranar da aka miƙa masa wata amfilifayar kuma sai asirin ya tonu.

Tambaya: Ina da fedar kwamfiresa ta MXR M87, amfilifayata tana da Comp, mai miksa kuma ya ce shi ma yana matse bes a wajensa. Duka ukun za a kunna? Kuma na ji ana cewa masu amfilifaya mai bawul, wato kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo, ba sa buƙatar kwamfiresa sam.
Mai karatu daga Abuja

Amsa: Uku sun yi yawa, sai fa in kowacce ɗan kaɗan take yi kuma kun yi magana da juna. In kowacce ta danne desibal 6, an cire 18 ke nan, bakin bugu ya tafi, bes ta zama kamar odar mota mai tsawo, kuma duk lokacin da ka daki tsirkiya mai kauri sai a ji sautin ya nutse ya taso kamar mai haki.

Tunda kana da M87, ita ce za ta yi aikin, a kashe ta amfilifaya. Tana da duka maɓallan, kason matsewarta 4 da 8 da 12 da 20 ne, irin na shahararriyar kwamfiresar situdiyo 1176 ta 1967, kuma tana da jerin fitilu masu nuna yawan abin da ake dannewa, wanda shi ne babban abin da maɓalli ɗaya ba ya ba ka. Fara da 4:1. Ɗaga Input har fitilun su nuna desibal 3 zuwa 6 a bugu mai ƙarfi. Daidaita Output yadda in ka taka ta ka kashe ƙarar ba za ta canja ba. Kamunta mai sauri ne ƙwarai, don haka ka kai shi ɓangaren da ya fi jinkiri in kana son a ji bakin yatsa. In ranar kiɗan mari ne da fizga, koma 8:1.

Saki shi ne inda aka fi ɓata bes. Zagaye ɗaya na sautin E yana ɗaukar kusan kashi 24 cikin dubu na daƙiƙa, na B kusan 32. In saki ya yi sauri har ya kusanci wannan, kwamfiresar sai ta fara bin kowane zagaye tana dannewa tana saki, sautin ya fito da ɓarɓara kamar lasifika ta yage, alhali lafiyarta ƙalau. In ya yi jinkiri da yawa kuma, bugu na gaba zai zo ta riga ta riƙe wuya ba ta saki ba. A miksa mai kwamfuta irin Behringer X32, inda ake rubuta lambobi, mai miksa ya fara da kamu 20 zuwa 30, saki 150 zuwa 250, duka a kashi cikin dubu na daƙiƙa, kaso 3:1, kuma tunda ka riga ka matse a wajenka, kada ya wuce desibal 2 ko 3. In Yamaha MG ce mai maɓallin Comp ɗaya a kan layi, kwata ya isa.

Ka duba maɓallin Pre/Post da ke gefen ramin DI. A Pre, siginar na tafiya miksa kafin maɓallan gyaran sauti na amfilifaya, a amfilifayoyi da yawa har kafin kwamfiresarta. A Post tana tafiya da duk abin da ka murɗa. Takardar bayanin amfilifayarka za ta nuna a zane inda Comp ya faɗo. Masu miksa sun fi son Pre, don in ka ƙara Bass a kan dandali saboda kunnenka ba zai rikita musu zaure ba. Fedarka kuwa tana gaban komai, ta kowace hanya aka bi za a ji ta.

Maganar bawul akwai ƙamshin gaskiya. Amfilifaya irin Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da wat 300, in aka tura ta kusa da ƙarshenta bawul ɗin na lanƙwasa manyan bugu a hankali maimakon su tsage, wutar cikinta kuma na ɗan sunkuyawa ta miƙe, sai kunne ya ji kamar an matse. Amma sai an buɗe ta sosai hakan ke faruwa, ƙarar da ƙaramin zaure ba zai ɗauka ba, kuma kan amfilifayar kaɗai ya kusa kilo 40, ban da akwatinta mai lasifika takwas. In ana kaɗa ta ƙasa-ƙasa, tsallen bugun na nan yadda yake, feda za ta yi mata amfani kamar kowace. In ka ci karo da ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, duba rubutun da ke kusa da ramin wuta kafin ka sa a soket: in 120V aka rubuta, sai da taransifoma mai saukar da wuta, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta amfilifayar na ci.